Rabin Kwalba

A ofishin gona na ƙaramar hukumarmu ta Ikara ni kaɗai ne mai kwamfutar tafi-da-gidanka, kuma ba ilimi ne ya ba ni ita ba. Ƙanena ne ya gaji da ita ya bar min, batirinta ba ya kai tsawon huɗubar Juma'a. To da wata ƙungiya ta zo neman wanda zai kula mata da gwajin sabon maganin tsutsar tumatir a Ikara da Makarfi da Kudan, aka duba ofis sama da ƙasa, sai aka ga kwamfutar. Ni kuma aka haɗa da ni saboda ni ke rataye da jakarta. Na haura hamsin, furfura ta gama da gemuna, a ranar ne aka fara kirana ƙwararre.

Tsutsar ba sai an gabatar da ita ga wanda ya taɓa noman rani a ƙasarmu ba. Ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. Tsakanin fatar ganye take shiga ta yi ɗaki, inda feshin da muka saba ba ya iske ta. Wannan mako ka ga gona shar, mako mai zuwa ka ce an bi ta da wuta. Rani biyu a jere ta cinye fadamun ƙauyen Taba, har ƙanin matata, Yahya, ya ce in ta ƙara cin sa zai bar wa wani gonar ya tafi Kudu tura baro. Mutum mai 'ya'ya bakwai, gwiwarsa ɗaya tana ƙara in zai tashi daga tahiya. Ba wasa yake ba, don a gaban yayansa ya faɗa.

Mai kula da aikin daga Zariya sunanta Malama Farida. Sa'ar 'yata ta fari ce, amma in ta shiga zancen alƙaluma sai ka ji kana gyara zama. Ita ta shimfiɗa mana tsarin. Kwamfuta za ta yi ƙuri'a, rabin manoma a ba kowa kwalbar sabon magani, rabi su ci gaba da abin da suka saba. Ni in riƙa zagayawa a babur ina duba ganye, ina ƙirga kwandunan da aka tsinka, ina shigarwa a shafin gwajin da ke intanet. In rani ya ƙare aka ga bambanci, baɗi kowa da ke cikin shirin zai sami kwalba. In ba a gani ba, ƙungiya ta naɗe tabarmarta. Sharaɗi guda ne: wanda aka ba kwalba, gonarsa kaɗai zai fesa, murfi biyu a kowane famfon feshi. Wanda ya saɓa, an cire shi daga shirin.

Ni na maimaita musu wannan a ƙofar gidan mai unguwa a Taba, da ƙarfi, sau biyu. Kowa ya ce, "Mun ji, mun yarda." Tun da nake aikin gona ban taɓa haɗuwa da manomin da ya ce bai ji ba.

Da ƙuri'a ta fito, sai ta yi min abin da ko maƙiyi zai ji kunyar yi. Yahya ya sami kwalba. Yayansu Inuwa, babban wan matata, bai samu ba. Gonakin nan biyu fadama ɗaya ce ta gado aka raba, iyakar da ke tsakani ɗan tudu ne da akuya ke tsallakewa ba ta sani ba. Injin ban-ruwansu ma ɗaya.

Matata Naja'atu ta ce, "Malam, ba kai ne mai kwamfutar ba?"

Na ce, "Ni ne. Amma ba ta san na yi aure ba."

Ba ta yi dariya ba. Ta daɗe da daina yi wa maganata dariya, don ta ce duk ta ji su.

Babban aikina bayan yawo shi ne haɗa zanen da manyan ƙungiyar za su kalla, abin da 'yan boko ke kira giraf. Ta waya Malama Farida ta koya min. Shafin fari ne fat, a gefen hagu an jera 'yan akwatuna. Ka danne ɗaya da yatsa ka jawo shi tsakiya, sai ya hau yi maka tambayoyi kamar ɗan sanda. Me za a jera a kwance? Ka ce makonni. Me za a jera a tsaye? Ka ce kwanduna. Layi kake so, ko sanduna, ko ɗigo-ɗigo? Da me za a raba manoma? Wane launi? Ranar farko na juya komai, na sa kowane manomi launinsa daban, abin ya fito kamar atamfar anko. Daga baya hannuna ya faɗa. Na ba masu magani koren layi, marasa magani ja. Akwai akwati na ƙarshe mai hoton mazurari, wanda ke tace gonakin da ba a so su shiga lissafi. Ni rariya na sa masa suna, Malama Farida ma ta ɗauka. Ta ce kada in taɓa shi sai ta ce.

Netiwok a ofishinmu kamar shugaban sashenmu yake, an fi jin labarinsa da ganinsa. Don haka ƙarƙashin wata dalbejiya da ke bayan sakatariya nake zama, kusa da mai shayi, kwamfuta a cinya. Masu wucewa suna gaishe ni da girmamawa. Suna zaton kuɗi nake turawa.

Da farko layukan biyu suka taso tare, kamar yadda ya kamata, don tsutsa ba ta zo ba tukuna. Na riƙa jiran ranar da za su rabu, kore ya yi sama, ja ya yi ƙasa. Zafi ya shigo, tsutsa ta sauka. Ja ya sunkuya. Kore ya ɗan yi jim, sannan shi ma ya bi shi. Mako bayan mako suna gangarowa manne da juna, kamar waɗanda suka yi alkawarin a binne su kabari ɗaya.

Na yi abin da duk ma'aikacin gwamnati zai yi in sakamako ya ƙi kyau: na gyara yadda ake kallonsa. Na mai da layi sanduna, sandunan suka tsaya kai ɗaya. Na ƙara wa koren duhu. Daga nan na gano wani abu da ya faranta min rai. Ashe ma'aunin tsaye ba dole ya fara daga sifili ba. In ka ce ya fara daga kusa da inda layukan suke, tazarar da ba ta kai silin gashi ba sai ta buɗe kamar titin Zariya. Na adana, na sha shayi har da ƙwai.

Washegari da safe waya ta yi ƙara, Malama Farida ce.

"Baba Ja'afar, ina kwana. An tashi lafiya? Ya iyali?"

"Lafiya lau, Malama. Ya aiki?"

"Alhamdu lillahi. Baba, wa ya taɓa min ma'aunin tsaye?"

"Wataƙila iska ce."

"Shafin yana rubuta sunan duk wanda ya taɓa shi."

"To iskar da sunana ta shiga."

Ta yi 'yar dariya, irin ta wadda ba ta yi barci sosai ba. "Mai da shi sifili, Baba. In ka kai ido kusa da tururuwa ba ta zama raƙumi. Mako mai zuwa manya za su zauna a kan zanen nan. In haka suka gan shi, za su ce maganin bai yi ba, shi ke nan. Ni kuma na ga aikinsa da idona a gonar gwaji a nan. Jawo akwatin ɗigo-ɗigo, ka sa kowace gona ta zama ɗigo guda. Faɗa min me ka gani."

Na jawo. Jajayen ɗigo duk suna ƙasa, an tara su kamar tsakuwa. Koraye ma yawancinsu suna can cikin jajayen. Amma can sama, su kaɗai, akwai wasu 'yan koraye da ba su cika yatsun hannu biyu ba. Na ɗora yatsa a kan wanda ya fi kowa tashi, suna ya fito: Gambo, Taba. Na nemi Yahya. Yana ƙasa, kafaɗa da kafaɗa da Yaya Inuwa.

"Maganin da ya yi wa waɗannan aiki ba zai ƙi yi wa sauran ba," in ji ta. "Je ka gani, Baba. Ba kwando za ka ƙirga ba wannan karon."

Na isa Taba da hantsi. Tun daga bakin fadama warin ruɓaɓɓen tumatir ya tarye ni. Ganye ya yi fari-fari ya naɗe, 'ya'yan da suka rage duk ƙofofi, ka matsa baƙin ruwa ya fito. Na tsaya ina neman iyakar gonakin surukaina, da ƙyar na gane ta.

Yahya yana tsugune yana tsince abin da zai tsintu. Da ya gan ni ya miƙe, gwiwar ta yi ƙara.

"A'a, manyan ƙasa! Mai kwamfuta da kansa. Yaya Naja ta bar ka ka fito?"

"Ita ta aiko ni in ga ko ka yi hankali."

"Ka koma ka ce mata da saura. Sannu da zuwa. Ya hanya? Ya yara? Ya ƙoƙari?"

Muka gaisa har gaisuwa ta ƙare, ba sauran inda za a ɓuya. Na ce, "Yahya, murfi nawa kake zubawa a famfo?"

"Yadda kuka ce."

"Nawa muka ce?"

"Biyu."

"Kai nawa ka zuba?"

Ya ture hula gaba ya sosa ƙeya. "Biyu mana. Ɗaya nan." Ya nuna gonarsa. "Ɗaya can." Ya nuna ta Yaya Inuwa.

Na nemi tudun iyakar na zauna a kai.

"Kada ka kalle ni haka, Malam," ya ce. "Ranar da tsutsa ta faɗa masa ya tafi kasuwar Makarfi. Na goya famfo na zo nan, daidai inda kake zaune. Dama gonata, hagu gonar mutumin da ya goya ni da Baba ya rasu. Shi ya yi min kaciya, shi ya yi min aure. Kai ma shi ya ba ka Yaya Naja, ko da yake wannan kuskurensa ne. To kai mai ilimi, gaya min ta ina zan juya bakin famfon."

"Ya roƙe ka?"

"Yaya Inuwa? Ya roƙi wa? Da ya dawo ya ji warin magani a gonarsa, bai ce min komai ba. Da daddare ya aiko min da fura."

"Yahya, rabin magani ba ya kashe ta. Wanka kawai ka yi mata. Da ka fesa taka yadda aka ce, da yanzu tumatir ɗinka yana kan mota, sai ka ɗebi kwanduna ka kai masa."

Ya dube ni kamar na zagi mahaifiyarsu. "In kai wa Yaya Inuwa kwando? Magidanci da surukai? A ce a garin nan ƙaninsa ke ciyar da shi? Malam, magani taimako ne. Kwando sadaka ce. Da ya karɓi kwando a hannuna gara ya ga gonar ta ƙone."

"Ga shi ta ƙone."

"Ta ƙone," ya ce. "Amma tare."

Na tambaye shi ko shi kaɗai ne. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya hau lissafo min: wane ya raba da surukinsa, wane da maƙwabcinsa da suka haƙa rijiya tare, wane da liman. Ya ce ya ji a Saulawa kwalba ɗaya ta zagaya gonaki uku har da ta wata bazawara. Duk watannin nan da nake zuwa ina ƙirga kwando ina gyara tabarau, kowa ya sani ban da ƙwararre.

"Gambo fa?" na ce.

"Gambo?" Ya tofar da yawu gefe. "Je ka gan shi."

Gambo mutum ne da a Taba ake cewa ko zazzaɓi gare shi ba zai sam maka ba. Gonarsa tana can ƙarshen fadama, kore shar, tumatir ja-wur har rassa na taɓa ƙasa, an kewaye ta da ƙonannun gonaki. Yana zaune a tsakiya a kan bokiti, shi kaɗai. Kawunsa, ƙanin mahaifiyarsa, ya je masa da kansa neman murfi ɗaya, ya ce masa doka ta hana. Tun daga nan kwalbar a aljihunsa take, har masallaci da ita yake zuwa, kuma mutane sun rage amsa masa gaisuwa.

"Malam, ka rubuta," ya ce, tun kafin in kashe babur. "Ni ban karya ba."

Na ce zan rubuta. Ya bi hannuna da ido har na fita daga gonar, kada in tsinki ɗaya.

Sauran kwanakin na bi gonakin kore ɗaya bayan ɗaya, Kudan, Makarfi, har Saulawa. Ba wanda ya yi min ƙarya da na yi tambayar da ta dace. Wasu ma da alfahari suka faɗa.

A gida na tarar da Naja'atu tana jiƙa kauɗar tumatir, don ɗanye ya fi ƙarfin tukunyarmu. Labari ya riga ni isowa.

"Ka ce ba ka gani ba," ta ce, ba ta ɗago ba.

"Ba ni na gani ba. Zanen ne ya gani."

"Zanen da kai ka zana."

"In na yi shiru ba wanda zai samu baɗi. Har shi."

"In ka yi magana kuma kowa ya samu ban da shi. Don ya taimaki ɗan'uwansa." Ta matse kauɗar da ƙarfin da bai kamace ta ba. "Ka san in ya tafi Kudu da gwiwar nan, gawarsa za a kawo mana a bayan tirela."

Na ce Allah ya kiyaye. Ta ce amin, amma ba ni ta amsa wa ba.

Na kira Malama Farida na gaya mata komai. Ta saurare ni har ƙarshe. Sannan ta ce, "Lokacin rariya ya yi, Baba. Gaban sunan kowace gona akwai ɗan gurbi da aka rubuta ya saɓa sharaɗi. Ka danna wa duk koren da ya raba kwalbarsa. Sai ka jawo rariya ka ce ta fitar da su daga zanen."

"Jajayen da aka sam wa fa?"

"Ba su karɓi kwalba ba, ba su ɗauki alkawari ba. Ka bar su. Barinsu ba ya ƙara wa maganin kwarjini, ba wanda zai ce mun yi coge."

"To Malama, ba za a tace mutum daga zane a bar shi a shirin ba?"

"Gurbi ɗaya ne, Baba. Kana dannawa sunansa ya faɗi daga na baɗi. Ba ni na gina shafin ba. Na tambayi manya jiya da na fara zargin haka, suka ce in aka yafe bana, baɗi ba mai bin sharaɗi. Kuma rabin magani makaranta ce ga tsutsa, tana koyon yadda za ta sha shi ta rayu." Ta ja numfashi. "Akwai wani abu. Ka kunna mayafin layukan. Za ka ga wani dishi-dishi ya lulluɓe kowane layi, shi ke nuna iyakar shakka. Manya ba layi suke kallo ba, mayafin suke kallo. In na kore ya taɓa na ja, ba su yarda ba."

Ana gobe zaman manya, na je ƙarƙashin dalbejiya tun kafin mai shayi ya hura wuta. Na biya mai caji ya cika min batir. Na kunna mayafan, na jawo rariya na ajiye ta gefen zanen, na fara dannawa. Wanda ya raba da liman. Wanda ya raba da bazawara. Wani dattijo a Makarfi da ya ba ni rake ɗauri guda ranar da tayata ta fashe. Duk wanda na danna, koren layi ya ɗan ɗaga kai. Ban taɓa ganin abin da ke miƙewa da korar mutanen kirki kamar layin nan ba.

Na bar Yahya ƙarshe. Na ce a raina gona ɗaya ce, ba za ta hana komai ba, wa zai lura. Na duba zanen. Kore ya yi sama sosai, ja yana ƙasa. Amma da yake korayen da suka rage kaɗan ne, kuma gonar Yahya babba ce ba ta ba da komai ba, sai ta ja mayafin kore ƙasa. Gefensa ya sauka ya kwanta a kan na ja, kamar bakin zane a cikin taɓo.

Na canza kaurin layi. Na faɗaɗa zanen ya cika fuskar kwamfuta. Na rage shi. Na kashe mayafan, abin ya yi kyau, na tuna shafin yana rubuta suna, na mayar. Mai shayi ya zo ya hura wuta, ya kawo min kofi ban tambaya ba, ya leƙa.

"Malam, yau kasuwa ta tashi ne ko ta faɗi?"

"Ta tashi," na ce.

Na danna gurbin Yahya. Ko ƙara bai yi ba. Mayafin kore ya janye, wani siririn fari ya buɗe tsakaninsu daga tsakiyar rani har ƙarshe. Na daɗe ina kallonsa. In na cire dannawar zai rufe, na gwada, ya rufe. Na mayar. Na adana.

Abu ɗaya na riƙe a raina: Yaya Inuwa ja ne, sunansa yana nan. Kwalba ɗaya dai za ta shiga gidan.

A zaman manya, da aka yi ta intanet, fuskata ta fito a wani ɗan lungu na allon, baki a rufe, don ban gano inda ake buɗe makirufo ba sai da aka kusa tashi. Wani mai tabarau ya ce bai daɗe da ganin zane mai tsabta irin wannan ba. Aka ce a yaba wa ƙwararrenmu na Ikara. Aka amince, baɗi duk wanda ya rage a shirin zai sami kwalba. Aka kuma ce a nemo hoton manomin da ya fi kowa kwanduna, a sa a rahoto. Na yi tunanin yadda za a shawo kan Gambo ya ba da hotonsa kyauta.

Ban bar labarin ya riga ni ba wannan karon. Bayan la'asar na hau babur zuwa Taba. Na tarar da su biyun suna tuge matattun itatuwan tumatir suna tarawa a kan iyaka za su ƙona. Na durƙusa na gaida Yaya Inuwa yadda ya kamata. Dogo ne, ba ya son magana, in ya yi kuma ba ya maimaitawa. Ya amsa, ya tambayi Naja'atu da yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu.

Na ce, "An yarda da maganin. Baɗi za a raba."

"Alhamdu lillahi," in ji Yahya. "Ka ga amfanin auren 'yar gidanmu, kai ma ka fara kawo labarin alheri."

"Ban da waɗanda suka raba kwalbarsu."

Ya tsaya da itacen a hannunsa. Ƙasa na zuba daga saiwar.

"Kwamfutar ce ta ce?"

Da na ce ita ce, da ya yarda. Na ce, "Ni na danna."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya jefa itacen kan tarin. "Gambo fa?"

"Yana ciki. Hotonsa ma za a buga."

"To madalla," ya ce. "Su ɗauke shi ta gefen aljihun." Ya so ya yi dariya, ba ta fito ba. Ya juya mana baya ya ci gaba da tugewa, da sauri fiye da ɗazu.

Na matsa kusa da Yaya Inuwa, na rage murya. "Yaya, kai sunanka yana nan. Za a ba ka kwalba cikakkiya. Don Allah murfi biyu, gonarka kaɗai. In ta yi kyau, kai babba ne, in ka ba ƙaninka kwando ba wanda zai ce komai. Ko ya zauna ku noma taka tare. Ba sai ya tafi Kudu ba."

Ya kalli gonarsa, ya kalli ta Yahya. Ya karkaɗe hannuwansa.

"Malam, yaron nan ya raba tasa da ni ban roƙe shi ba."

"Na sani, Yaya. Amma rabi ba ya aiki."

"Na gani. Ai a gonata na gani."

"To?"

"To abin da ya ba ni shi zan mayar masa. Shi ma magidanci ne, ba maraya ba." Ya ɗaga murya kaɗan, yadda na can zai ji. "Yahya, ba inda za ka. In kwalbar ta zo, rabi naka ne."

Yahya bai juyo ba. Ya ce, "To, Yaya."

Na buɗe baki zan sake bayanin tsutsa da makarantarta, Yaya Inuwa ya riga ya sunkuya yana ƙyasta ashana. Busasshen ganyen ya kama nan take, hayaƙi ya bi iyakar, ya rufe gonakin biyu.

Babur ɗina ya ƙi tashi. Yahya ne ya zo ya tura ni, yana ɗingishi, har kan hanya.

"Ka gaida Yaya Naja," ya ce. "Ka ce mata ina nan baɗi."

Na ce zan faɗa. Tun daga Taba har Ikara ina tunanin gurbin da ke gaban sunan Yaya Inuwa. Baɗi shi ne kore. Ƙungiya kuma ta riga ta ce ni za ta sake ɗauka, tunda hannuna ya iya rariyar.